Yadda Aka Maido wa Kambun Oscar Kamanninsa na Asali: Nazarin Gyaran 2016

Idan aka ce kambu ya lalace, abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne ya faɗo daga kan kanta ya karye, ko gobara ta lashe shi, ko kuma danshi ya cinye masa ƙyalli a cikin akwati. Akwai wata lalacewar da ta fi waɗannan wuyar ganewa, domin ba ta da rana ɗaya da za a ce a ita ta auku, kuma babu mutum ɗaya da za a ɗora wa laifinta. Irinta ce ta sami kambun Oscar, wato mutum-mutumin da Cibiyar Fasaha da Kimiyyar Fina-finai ta Amurka take bai wa waɗanda suka yi fice a sana'ar ba da labari ta hanyar fim, ciki har da marubutan labarin. Sama da shekara 80 ana zuba shi ana gogewa, har siffar da mai sassaƙa ya fitar tun farko ta dushe a hankali, kamar kwabon da ya daɗe yana yawo a hannun 'yan kasuwa. A shekarar 2016 Cibiyar ta ɗauki matakin maido da abin da ya ɓace, kuma yadda aka yi wannan aiki shi ne abin dubawa a nan.

An kafa Cibiyar a 1927, kuma ba a jima ba aka ga bukatar samar da wani abu da za a riƙa miƙa wa gwanaye. Cedric Gibbons, shugaban sashen zane da ƙawata dandali na kamfanin shirya fina-finai na MGM, shi ne ya zana siffar a takarda, sannan wani matashin mai sassaƙa na birnin Los Angeles mai suna George Stanley ya mayar da zanen abu mai jiki. Siffar ta wani barde ce da ke tsaye ƙyam, ya riƙe takobi da hannu biyu tsininsa na kallon ƙasa, yana tsaye a kan faifan naɗe fim mai rassa biyar. Rassan nan suna wakiltar rukunoni biyar da aka kafa Cibiyar da su: 'yan wasa, da masu ba da umarni, da masu shiryawa, da ma'aikatan na'urori, da marubuta. Tsawonsa inci 13 da rabi ne, wato kimanin santimita 34, nauyinsa kuwa kilogiram 3.85. An fara raba shi a ranar 16 ga Mayun 1929 a otal ɗin Hollywood Roosevelt, a wata liyafa da ba ta wuce ta mutum 270 ba, kuma cikin waɗanda suka samu a wannan karo akwai Ben Hecht, wanda aka ba shi saboda ƙagaggen labari, da Benjamin Glazer, wanda aka ba shi saboda mayar da wani labarin zuwa fim.

Waɗannan kambuna na farko da tagulla zalla aka zuba su, aka wanke su da ruwan zinariya. Bayan 'yan shekaru sai aka bar tagulla aka koma wani gamin ƙarfe da ake kira biritaniya, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kuza ce, sauran kuma wani ƙarfe mai suna antimoni da ɗan jan ƙarfe. Dalilin sauyin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san zubi. Tagulla sai wuta ta doshi digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas kafin ta narke ta zubu yadda ake so, alhali biritaniya tana narkewa a zafin da bai kai digiri 300 ba, tana da taushi a hannun mai gogewa, kuma tana ba da fuska mai santsi wadda ruwan zinariya ke kwanciya a kai ba tare da wahala ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, da ƙarfe ya yi ƙaranci, shekara uku aka yi ana raba kambun filasta da aka shafa wa fenti, bayan yaƙin aka kira masu shi suka kawo aka musanya musu da na ƙarfe. Gindinsa ma ya sha canji, sai a 1945 aka tsayar da girman da aka sani a yau. Aikin zubin ya ratsa ta hannun kamfanoni daban-daban, har ya zo hannun R.S. Owens na birnin Chicago a 1982, wanda ya riƙe shi fiye da shekara 30.

A cikin wannan doguwar tafiya ne siffar ta zaizaye, kuma hanyoyin da irin wannan zaizaya ke bi sanannu ne a wurin masu sana'a. Ta farko ita ce kwafi daga kwafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya ga yadda suke danna tsohuwar tukunya a cikin yashi domin su sami gurbin da za su zuba sabuwa, kuma ya san cewa rubutu ko zanen da ke jikin tsohuwar ba ya fitowa daidai a jikin sabuwar, yana ɗan rage kaifi. In aka ɗauki sabuwar aka mayar da ita uwa, jikarta za ta fi ta dushewa. Ta biyu ita ce mazubin kansa, wanda ke tsufa saboda yawan shan zafi da sanyi, kusurwoyinsa su daina kaifi. Ta uku, wadda a ganina ta fi sauran ɓarna duk da cewa da kyakkyawar niyya ake yin ta, ita ce gogewa. Mai gogewa burinsa ya ga fuskarsa a jikin ƙarfe kamar madubi, kuma injin gogewa ba ya bambanta tabo da karan hanci, duk abin da ya ɗago sama shi yake fara ci. Sai kuma ta huɗu, wato rufin da ake yi wa biritaniya hawa-hawa: jan ƙarfe tukuna, sannan wani farin ƙarfe mai haɗin nikel, sannan zinariya. Kowane hawa siriri ne ƙwarai, amma kowanne yana ɗan cike ƙananan ramuka da layukan da mai sassaƙa ya tsaga da gangan.

Ba a ce wani kamfani ya yi sakaci ba. R.S. Owens ya yi suna wajen tsanantawa, har an san cewa kambun da bai cika sharaɗi ba yanka shi ake yi a narkar da shi, ba ya fita daga masana'anta. Abin da ya faru shi ne kowane zamani yana auna aikinsa da na zamanin da ya gabace shi kai tsaye, kuma tazarar da ke tsakanin bara da bana ba ta kai ido ya kama ta ba. Sai an ajiye na 1929 kusa da na 2015 a kan teburi ɗaya sannan bambancin ke bayyana.

Kafin a shiga aikin 2016 ya kamata a rarrabe shi da wani gyaran da aka daɗe ana yi, wato gyaran kambu guda wanda ya lalace a hannun mai shi. Daga 1995 zuwa wasu shekaru bayan nan, R.S. Owens ya gyara fiye da 160 irin waɗannan. Yawanci ɓarnar daga ƙauna take fitowa, domin mai kambu ko mai yi masa aiki a gida yakan ɗauko maganin goge ƙarfe ya dirje shi don ya ƙara sheƙi, maganin kuwa ya ratsa rufin da ke kare zinariyar ya cinye ta har farin ƙarfen ƙasa ya leƙo. Wasu kuma an ajiye su ne a wuri mai danshi har suka yi tabo. Shi ya sa shawarar da masu ƙera shi ke bayarwa ba ta wuce a share ƙura da busasshen ƙyalle mai taushi ba. Irin wannan gyara yana maido da ƙyalli, yana miƙe abin da ya lanƙwashe, amma ba ya iya maido da layin da tun a mazubi bai fito ba. Hasali ma duk lokacin da aka cire tsohon rufi aka sake gogewa domin a ɗora sabo, siffar tana ƙara asarar wani abu kaɗan. Wanda yake son ya ceto fuskar barden dole ya koma tushen zubin gaba ɗaya.

Abin da Cibiyar ta yi ke nan. A watan Fabrairun 2016, lokacin shugabancin Cheryl Boone Isaacs, ta bayyana cewa ta miƙa aikin ga Polich Tallix, wata masana'antar zubi da ke Rock Tavern a jihar New York. Zaɓin yana da ma'ana, domin wannan ba kamfanin kofuna da lambobin yabo ba ne, masana'anta ce da Dick Polich ya gina a kan zuba wa manyan masu sassaƙa ayyukansu na tagulla, inda mizanin nasara shi ne a fitar da sawun hannun mai sassaƙa yadda ya bar shi. Cibiyar ta ba su ɗaya daga cikin kambunan tagulla na 1929 domin ya zama uwa, tare da sharaɗin cewa girman kambun ba zai canja ba, kuma gindin zai kasance irin na zamani.

Wannan sharaɗi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya nuna cewa abin da aka fitar ba kwafin na 1929 ba ne daga sama har ƙasa. Jikin barden na 1929 ne, gindin kuwa na bayan yaƙi ne, wanda idon duniya ya saba da shi a hotuna da talabijin. Mai tsattsauran ra'ayi a harkar adana kayan tarihi zai iya cewa wannan gamin gambiza ne, tunda an haɗa sassa biyu da ba su taɓa zama tare ba a zamaninsu. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi daidai da abin da ake gyarawa. Kambun Oscar ba kayan gidan tarihi ba ne da aka daina amfani da shi, abu ne mai rai da ake rabawa duk shekara, kuma gindin da aka yi shekara 70 ana gani ya riga ya zama wani ɓangare na kamanninsa. Akwai kuma wani abin lura: shi kansa kambun 1929 ɗin ba shi ne abin da George Stanley ya murza da yatsunsa ba. Zubi ne shi ma, an goge shi, an rufe shi da zinariya, sannan ya yi shekara 86 a duniya. Matsayinsa kamar na tsohon kwafin littafi ne a hannun malamin da ke tace matani, wanda ya san cewa rubutun hannun mawallafi ya fi ƙarfinsa, don haka yake neman kwafin da ya fi kusa da shi a zamani ya dogara a kansa.

Matakin farko na aikin da na'ura aka yi shi. An ɗauki siffar kambun 1929 da ta gindin zamani da na'urar da ke auna kowane lungu da tudu ta adana su a kwamfuta, aka haɗa su suka zama siffa ɗaya, sannan aka fitar da ita da na'urar da ke gina abu mai jiki hawa-hawa. Amfanin wannan hanya babba ne ta fuska biyu. Ba a danna tsohon kambun cikin wani abu ba, saboda haka bai cutu ba. Sannan akwai matsalar ƙanƙancewa da ta daɗe tana damun masu zubi: kaki yana tsukewa idan ya huce, tagulla ma tana tsukewa, don haka duk abin da aka zuba kai tsaye daga wani zubin yana fitowa ɗan ƙarami fiye da uwarsa. Siffar da ke cikin kwamfuta kuwa ba ta tsufa, ana iya daidaita girmanta, kuma ana iya komawa gare ta duk lokacin da mazubi ya gaji, ba sai an kwafa daga kwafi ba. Da wannan aka toshe kafar farko ta zaizayar.

Daga nan aikin ya koma hannu, kuma ya koma wata dabara da ta girmi fim da dubban shekaru, wato zubin kaki. Dabarar ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma, domin da ita aka yi tagullolin Igbo-Ukwu, da kawunan Ife, da allunan fadar Benin, da ƙananan ma'aunan zinariya na Asante. Daga siffar da na'ura ta fitar aka yi mazubi, a cikinsa ake zuba narkakken kaki, kowane kambu da nasa barden na kaki. Kaki ba ya fitowa tsaf daga mazubi, yakan zo da layin mahaɗa inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, da ƙananan ramukan iska, kuma mutum ne yake zama da ƙananan kayan aiki ya gyara su ɗaya bayan ɗaya. Nan ne wuri mafi sauƙi na gyara kuskure, domin abin da za a shafe da ɗan ɗumi a jikin kaki sai an sa magagari a jikin tagulla. Bayan haka ana tsoma barden kaki a cikin ruwan wani irin yumɓu mai jure wuta, a barbaɗa masa yashi mai laushi, a bar shi ya bushe, a sake tsomawa, har ɓawo mai kauri ya kewaye shi. Tsomin farko shi ne mai ɗaukar duk wani ƙaramin layi, saboda haka shi ya fi bukatar natsuwa.

Ana gasa wannan ɓawo a zafin da ya kai kimanin digiri 870. Kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar rami mai siffar barden daidai, ɓawon kuma ya ƙara tauri. Sai a kawo narkakkiyar tagulla mai zafin da ya haura digiri 980 a ɗura a ramin. Idan ta huce a fasa ɓawon, domin ba a iya ciro abin da ke ciki sai an fasa. Ma'anar wannan ita ce kowane kambu da ɓawonsa, kuma ɓawon ba ya yin aiki sau biyu, saɓanin mazubin ƙarfe da ake ta maimaitawa.

Abin da ke fitowa daga ɓawon ba ya kama da abin da ake gani a talabijin. Yana fitowa da duhu da kaushi, da kututturen hanyoyin da tagulla ta bi ta shiga, waɗanda sai an yanke su an shafe gurbinsu. Daga nan ake fara gogewa, daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi har jikin ya zama madubi, kuma a nan ne gyaran duka yake tsakanin samuwa da rashi. Zinariya ba ta ɓoye aibi, fito da shi take yi, don haka dole a goge sosai. Amma gogewar ce ta cinye fuskar barden tun farko, kuma mai gogewa da ya sake hannu zai iya shafe, cikin 'yan mintoci, duk abin da aka wahala wajen ɗaukowa daga 1929. Tagulla ta taimaka a nan saboda ta fi biritaniya tauri nesa ba kusa ba, tana riƙe kaifin kusurwa a ƙarƙashin gogewa, sai dai tana cin lokaci da ƙarfin mai aiki. Sauran ya rage ga idon mutum da sanin inda zai danna da inda zai ɗaga hannu, musamman a fuska, da yatsun da ke riƙe da takobi, da gefen takobin. Babu na'urar da aka bar wa wannan hukunci.

Wankin zinariyar ba a Rock Tavern ake yin sa ba. Ana kai jikin barden unguwar Brooklyn ta birnin New York, wurin kamfanin Epner Technology, wanda ya yi suna wajen rufe sassan na'urorin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da zinariya saboda yadda take mayar da haske da zafi. Ana tsoma kambun a ruwan da ke ɗauke da zinariya, a ratsa shi da wutar lantarki, zinariyar ta riƙa mannewa a jikinsa. Zinariya ce mai karat 24, wato zalla, kuma hanyar da kamfanin ke bi tana sa ta fi zinariyar wanki ta yau da kullum tauri. Wannan ya shafi ɗayar matsalar kai tsaye, wato ta kambunan da ke dawowa gyara bayan shekaru saboda rufinsu ya goge. Gindin kuwa, wanda shi ma na tagulla ne, ba a shafa masa fenti, ana rina shi baƙi da sinadarin da ke sauya launin ƙarfen kansa, sannan a goge shi da hannu har ya yi sheƙi mai sanyi wanda ba ya gasa da na zinariyar da ke samansa. Kambu 50 ta wannan hanya yana cin kimanin wata uku.

Akwai abin da gyaran bai taɓa ba, kuma da gangan. Dubban kambunan biritaniya da aka raba a tsawon shekaru suna nan yadda suke, ba a kira masu su su kawo a musanya ba kamar yadda aka yi da na filasta, kuma Cibiyar ta bar wa R.S. Owens alhakin ci gaba da kula da su idan sun bukaci gyara. Wannan ma hukunci ne mai kyau. Tun 1949 kowane kambu yana da lambarsa, an fara daga 501, kuma tun farkon shekarun 1950 wanda ya ci yana sa hannu cewa shi ko magadansa ba za su sayar ba sai sun fara yi wa Cibiyar tayi, a kan kuɗin da a yau dala 1 ne kacal. Abin da waɗannan ƙa'idoji ke karewa shi ne alaƙar kambu guda da mutum guda da dare guda. Marubucin da ya karɓi nasa a 1975 ba shi da bukatar barde mai kaifin hanci, wanda ya riƙe a daren nan shi ne nasa, da dusasshiyar fuskarsa da komai.

Za a iya tambaya ko wahalar ta biya, tunda mai kallo daga gida, ko ma wanda ke zaune a layi na goma a zauren, ba zai ga bambancin ba. Gaskiya ne ba zai gani ba. Mutum ɗaya ne ke ganin kambun daga tazarar taƙi ɗaya, yana juya shi a hannu, yana jin nauyinsa, kuma zai zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa ya bar wa 'ya'yansa, wato wanda aka ba. Domin shi aka yi aikin, kuma domin George Stanley, wanda ya rasu a 1970, wanda sunansa ke manne da siffar da a hankali ta daina zama tasa.

An fara raba sababbin kambunan a biki na 88, ranar 28 ga Fabrairun 2016, a zauren Dolby da ke Hollywood. A wannan shekara masu shirya bikin sun jera kyaututtukan farko bisa yadda ake yin fim, kuma tunda fim daga rubutu yake farawa, sai aka buɗe da kyautar ƙagaggen labari. Ta haka Tom McCarthy da Josh Singer suka zama na farko da aka miƙa wa gyararren barden a kan dandali a daren, Adam McKay da Charles Randolph suka biyo su da kyautar mayar da littafi fim. Kambunan da suka karɓa babu suna a jikinsu, domin masana'anta ba ta san wanda zai ci ba. Tun 2010 ake rubuta sunan kowane ɗan takara a ƙaramin allo tun kafin bikin, sai bayan an tashi, a wurin liyafar da shugabannin Cibiyar ke shiryawa, wanda ya ci ya kai kambunsa wani teburi, ma'aikaci ya zaro allon da ke ɗauke da sunansa ya ɗaure shi a jikin baƙin gindin da ƙananan kusoshi, yana tsaye yana kallo.